Hilux, Nissan, L200 ko Isuzu: wace tsohuwar a-kori-kura ce za ta riƙe ka?

Duk wanda ya ce zai sayi tsohuwar a-kori-kura, kafin ya rufe baki wani zai ce masa, "Nemi Hilux kawai." Shawarar tana da tushe, amma rabinta aka faɗa. Tun 1968 Toyota ke ƙera Hilux, kuma a tsawon wannan lokaci an ɗora mata injuna iri-iri. Akwai wanda bodi zai ruɓe ya bar shi yana aiki, akwai kuma wanda zafi ɗaya ya isa ya tsaga masa kai. Gidan Nissan ma haka, Mitsubishi haka, Isuzu haka. Sai ka ga motoci biyu a jere, suna ɗaya, launi ɗaya, shekara ɗaya, amma injunan da ke ƙarƙashin bonet ɗinsu ko dangi ba su haɗa ba. Shi ya sa idan aka tambaye ni wacce ta fi ƙarko, nakan fara da tambayar lambar injin. Mai motar da bai san lambar injinsa ba, da wuya ya san ranar da aka canza masa bel.

Maganata a nan kan motocin da aka ƙera ne daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen 2015, masu ɗaukar kimanin tan ɗaya. An ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. To waɗannan sun daɗe a hanya har halinsu ya gama fitowa fili, ana iya yi musu hukunci ba tare da an zalunce su ba.

Abin da ya fi raba su shi ne zamanin da aka ƙera su, ya fi sunan kamfani tasiri. Kafin wajen 2005, yawancin injunan dizal na irin waɗannan motoci da famfon mai na ƙarfe zalla suke aiki, babu kwamfuta, ko kuma akwai ɗan abin da ba a rasa ba. Ba su da ƙarfin a zo a gani, suna da ƙara, suna turnuƙe hayaƙi idan an taka, amma suna haƙuri da man da ba shi da tsabta, kuma duk makanikin da ya iya dizal zai kwance su ya mayar. Daga wajen 2005 aka koma tsarin da ake kira komon-rel, inda famfo ke tara mai a bututu ɗaya da matsin da ya ninka na iskar taya sau ɗaruruwa, kwamfuta kuma tana buɗe nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin inji, tana rufewa fiye da sau ɗaya kafin fistin ya gama bugu guda. Ƙarfi ya ƙaru, ƙara ta ragu, shan mai ya sauka. Haƙuri ne ya tafi. Ɗan ruwa ko ƙura a cikin mai na cinye nozul da famfo a hankali, kuma kuɗin sababbin nozul huɗu ya isa ya sa mutum ya jingine motar a gida.

Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba. Hilux mai injin 1KD ko 2KD, da Nissan Navara D40 mai YD25, da Mitsubishi L200 mai DI-D, da Isuzu D-Max mai 4JJ1, duk kayan mai na kamfanin Denso ne a jikinsu. Gardamar wacce ta fi jure gurɓataccen mai a cikin huɗun nan ɓata bakin banza ce, uwa ɗaya ta shayar da su. Har ciwonsu iri ɗaya ne. Akwai wani ɗan bawul a jikin famfo mai suna SCV, idan ya gaji sai mota ta riƙa shaƙewa, ko ta mutu a tsaye, ko ta ƙi jan gudu. Canza shi ƙaramin aiki ne, amma makanikin da bai san da zamansa ba zai iya sa ka sayi famfo sukutum.

Mu fara da Hilux tunda ita ce a bakin kowa. A tsofaffin dizal, dangin L ne suka yi mata suna, wato 3L mai lita 2.8 da 5L mai lita 3.0, dukansu babu tobo, wato na'urar da ke ɗura wa inji ƙarin iska. 5L-E ƙarfinsa wajen na doki 100 ne kacal. Cika ta da lodi ka tunkari hawa, za ka koma giya ta biyu kana kallon kowa yana wuce ka. Sai dai rashin ƙarfin nan shi ne sirrin daɗewarsa, don inji ne da ba ya wahalar da kansa. Abu biyu yake nema a wurinka: ka canza bel ɗin taimin, mai daidaita motsin fistin da bawul, kan lokaci, kada kuma ka bari ya yi zafi. Ɗan'uwansu mai tobo, 2L-T, shi ne ya fita zakka, ya yi ƙaurin suna wajen tsagewar top-silinda, wato kan injin. 1KZ-TE mai lita 3.0 ya fi su ƙarfi da daɗin tuƙi nesa ba kusa ba, amma top ɗinsa na alminiyam ne kuma shi ma ba ya yafe zafi. Duk Hilux ɗin da ka tarar da 1KZ a ciki, tambayar farko ita ce ko an taɓa canza top, kuma idan an canza, me aka yi wa lagireton da ya jawo matsalar tun farko. Sau da yawa ana canza top a bar tsohon lagireto a toshe, an gudu ba a tsira ba ke nan.

Hilux ta ƙarni na bakwai, wadda ta fito a 2004 ta kai 2015, wadda ake kira Vigo a Tailan, ita ce aka fi nema yanzu. An ƙera ta a Tailan da Afirka ta Kudu da Ajantina. Babban injinta na dizal shi ne 1KD-FTV mai lita 3.0, kuma yana da wata lalura da ya kamata duk mai saye ya sani. A ƙarƙashin kowane nozul akwai ƙaramin zoben tagulla, wanda makanikai ke kira wasa, da ke toshe hanya don kada hucin konewa ya fito. A injunan farko-farko wasan nan kan gaji ya fara yoyo, sai hayaƙi mai zafi ya ratsa ya shiga cikin baƙin mai ya mayar da shi kwalta. Kwaltar nan ta gangara ƙasa ta toshe rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta cikinta. Mota tana tafiya lafiya lau, ba ƙara ba hayaƙi, ranar da rariyar ta gama toshewa sai inji ya buga. Gyaran kansa ba tsada, wasa huɗu ne da aikin hannu, amma sai ka san da matsalar za ka neme ta. Hanyar dubawa ita ce a zubar da baƙin mai a leƙa rariyar da fitila ta ramin zubarwa, ko a sauke kaskon ƙasa gaba ɗaya. Akwai kuma tsagewar fistin da aka sha gani a wasu 1KD, musamman waɗanda nozul ɗinsu ya gaji, ko ake jan kaya masu nauyi da su, ko aka yi wa kwamfutarsu ƙarin ƙarfi. Ƙaninsa 2KD-FTV mai lita 2.5 bai kai shi ƙarfi ba, amma a ganina ya fi shi kwanciyar hankali a hannun wanda ba gudu ya dame shi ba. Dukansu bel ne ke juya taimin ɗinsu, ana canza shi a kilomita 150,000, akwai ma fitila a dashbod da ke tunatarwa. Fitilar ana iya kashe ta ba tare da an taɓa bel ba, don haka rashin kamawarta ba hujja ba ce.

A ɓangaren fetur kuwa Toyota ba ta cika ba da kunya ba. Tsohon 22R mai lita 2.4 sarƙa ce ke juya taimin ɗinsa, amma a na baya-bayan nan abin da sarƙar ke gogawa a kai na roba ne. Idan robar ta karye sai sarƙa ta riƙa cin murfin gaba har ta huda shi, ruwa ya gauraya da baƙin mai. Ƙarar kacau-kacau da safe ita ce gargaɗin. 3RZ-FE mai lita 2.7 yana so a riƙa duba tazarar bawul ɗinsa, in ba haka ba bawul ɗin fitar hayaƙi ya ƙone. Magajinsa 2TR-FE, shi ma lita 2.7, shi ne injin da zan ba wanda ya ce min ba ya son ciwon kai: sarƙa ce ba bel ba, babu tobo, babu nozul masu tsada, bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne. Aibinsa ɗaya, maƙogwaronsa a buɗe yake. Idan aka cika shi da lodi yana shan fetur kamar an huda tanki.

Wani aibin Hilux ba a jikinta yake ba, a sunanta yake. Saboda kowa ya yarda ba ta mutuwa, ita aka fi azabtarwa: a yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, a ƙi yi mata sabis, a mayar da mitar kilomita baya, sannan a sayar da ita da tsada don sunan. Kuɗin da zai sayi Hilux da ta gama gajiya sau da yawa zai sayi wata motar mai sauran jini a jika.

Nissan ita ce gidan da ya fi kowa haɗa gwani da ragon inji a inuwa ɗaya. D21, wadda ake kira Hardbody, da D22 da ta gaje ta a 1997, idan suka zo da TD27 mai lita 2.7 ko QD32 mai lita 3.2, to ka samu abin da ko Hilux ba ta da shi. Waɗannan injuna ba bel ba sarƙa, haƙoran ƙarfe ne ke juya taimin ɗinsu, babu abin da zai tsinke, top ɗinsu kuma na baƙin ƙarfe ne. TD27 shi ne injin da baƙaƙen tasi na Landan samfurin Fairway da TX1 suka yi ta aiki da shi, kuma aikin tasi ba wurin da rago ke daɗewa ba ne. Suna da nauyi, suna da nawa, suna da ƙara kamar injin niƙa, amma haƙurinsu ya isa. Na fetur ɗinsu, KA24E da KA24DE masu lita 2.4, su ma ba laifi, illa sarƙar taimin da ke fara kuka idan robarta ta cinye, irin ciwon 22R.

Da aka zo kan YD25 mai lita 2.5 sai labari ya sauya. A D22 na farkon shekarun 2000 an sha samun metal ɗin kwanrod ya narke, wani lokaci kwanrod ɗin, wato sandar da ke riƙe fistin, ya huda bulok ya leƙo waje ba sallama. A Navara D40, wadda aka ƙera daga 2005 zuwa 2015, wannan ya lafa, amma sai sarƙar taimin ta karɓi tuta. Sarƙa biyu ce, ta sama mai layi biyu, ta ƙasa mai layi ɗaya, kuma ta ƙasan ita ce ke miƙewa. Mutane kan ji an ce sarƙa sai su saki jiki, su ɗauka har abada ce. A wannan injin ba haka ba ne, idan ta tsinke fistin da bawul ne za su yi karo. Kulocin D40 ma ba ya son lodi, kuma a da yawansu filawil, faifan da kuloci ke kamawa, mai hawa biyu ne, wanda canza shi ke ninka kuɗin aikin. An ƙera D40 a wurare biyu, Sifen da Tailan, kuma kayansu ba duka ke shiga juna ba. Lambar shasi ce ke faɗa maka: wadda ta fara da VSK 'yar Sifen ce, wadda ta fara da MNT 'yar Tailan. Ka san wannan kafin ka je sayen ko da fatar birki. Sai kuma 'yar'uwarta ta Amurka, Frontier ta 2005 zuwa 2010 mai giya otomatik, wadda lagiretonta kan fashe ta ciki ruwa ya shiga man giya ya lalata giyabos. Idan ka zaro sandar gwaji ka ga man ya koma ruwan hoda mai kauri, juya ka tafi.

Duk da haka kada a yi wa D40 rashin adalci. A cikin sa'o'inta ta fi yawancinsu faɗin ciki da daɗin zama, kuma tana ja sosai. Wanda ya samu wadda aka canza wa sarƙa da takardar shaida, shasinta kuma lafiya, zai more ta a farashin da Hilux ba za ta saurare shi ba. Mota ce ta wanda ya san abin da yake saye.

Mitsubishi L200, wadda wasu ƙasashe ke kira Triton, kusan rayuwarta duka a kan inji ɗaya ta yi ta, 4D56 mai lita 2.5, wanda ya samo asali tun shekarun 1980 aka yi ta yi masa kwaskwarima har ya zama komon-rel a samfurin 2005 zuwa 2015. Abin lura a nan bel biyu ne a gabansa, babba na taimin da ƙarami mai juya sandunan da ke rage girgiza. Ƙaramin nan shi ne mugun. Makaniki ya canza babba ya bar shi don a rage kuɗi, ranar da ya tsinke sai ya faɗa ƙarƙashin babban ya tsinka shi ko ya sa shi tsallake haƙori. Tare ake canza su, har da boris ɗin da ke ɗaure su, kuma kada a bari su haura kilomita 100,000. A tsohon 4D56 mai bawul takwas akwai ɗan sauƙi, don idan bel ya tsinke yawanci rokoki ne ke karyewa su fanshi sauran injin. Shi ma wannan inji ba ya son zafi, top ɗinsa kan tsage. Wanda ya zo da 4M40 mai lita 2.8 ko 4M41 mai lita 3.2 sarƙa ce ke juya shi, ya huta da zancen bel.

Inda L200 ta yi wa sauran fintinkau shi ne tsarin fowil ɗinta, wato jan tayoyi huɗu, mai suna Super Select, wanda ke zuwa a manyan samfurorinta. Yawancin a-kori-kura idan ka saka fowil a kan busasshiyar kwalta, tayoyin gaba da na baya suna kokawa da juna a kwana har wani abu ya ba da kai. Super Select kuwa yana barin ka yi tafiya da tayoyi huɗu a kan kwalta, abin da ke da amfani ƙwarai ga mai bin hanyar da rabinta kwalta rabinta laka, ko mai yawan tuƙi cikin ruwan sama. Kuma ta fi su saurin juyawa a matsattsen wuri, saboda tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya milimita 3,000 ce, Hilux 3,085, D40 kuwa 3,200. Amma wannan gajartar tana da farashi. A mai ƙofa huɗu, kaso mai yawa na akwatin kaya yana bayan tayar baya ne, yana reto. Ka jibga nauyi can ƙarshe, ka faɗa rami da gudu, shasi na iya lanƙwashewa daidai tsakanin kai, wato ɗakin direba, da akwati. Duk masu ƙofa huɗu na iya yin haka, amma siffar L200 ta sa ta fi saurin kamuwa.

Isuzu ba ta da surutu, shi ya sa ake mantawa da ita. Kamfani ne da asalin sana'arsa manyan motoci da injunan dizal, kuma ana ganin hakan a a-kori-kurarsa. Tsohuwar TF, wadda ake kira KB a wasu wurare, da 4JA1 mai lita 2.5 ko 4JB1 mai lita 2.8, tana cikin motocin da suka fi kowa tsimin mai a zamaninsu. D-Max ta fito a 2002. Na farkonta mai 4JH1 yana amfani da famfon Bosch VP44, mai ɗan kwamfuta a kansa, wanda idan ya ƙone gyaransa sai ƙwararre. Amma 4JJ1 mai lita 3.0 da ya biyo baya, a wurina shi ne mafi aminci a duk dizal na komon-rel da muka ambata. Sarƙa da haƙoran ƙarfe ke juya taimin ɗinsa, kuma irinsa ne Isuzu ke sakawa a ƙananan motocinta na dakon kaya da suka fi a-kori-kura nauyi, don haka a jikin D-Max hutawa yake yi. Abin da za ka haƙura da shi: ƙara, da tauri a hanya, da cikin mota mai robobi kamar na motar aiki. Sai kuma kayan gyara, waɗanda a wasu wuraren ba sa samuwa da sauƙi kamar na Toyota.

Ford Ranger da tagwayenta na Mazda ba zan daɗe a kansu ba. Na kafin 2006 masu injin WL lita 2.5 motoci ne masu sauƙin kai, amma su ma top ɗinsu na tsagewa da zafi. Ranger ta 2011 zuwa sama mai lita 2.2 ko 3.2 tana da wata ɗabi'a mai ban mamaki: idan aka kwance baƙin mai aka bar shi yana tsiyaya fiye da minti 10, famfonsa kan kasa sake zuƙo mai, a tayar da inji ya yi ta juyawa a bushe. Makanikin da ya saba buɗe mai ya tafi wata sabgar zai iya kashe maka inji da sunan sabis.

Duk wannan zance na inji yana biye ne da abu ɗaya, shasi. Inji ana canza shi, giyabos ana canza shi, amma shasin da tsatsa ta cinye ya gama yawo. Motocin da suka yi rayuwa a ƙasashe masu dusar ƙanƙara, inda ake watsa gishiri a hanya, ko a bakin teku, daga ciki suke ruɓewa, waje yana nan da kyau. A nan ma babu wanda ya tsira da suna. A 2008 Toyota ta tsawaita garantin tsatsa na a-kori-kurarta Tacoma da aka ƙera daga 1995 zuwa 2000 a Amurka, ta kuma sayi waɗanda suka lalace daga hannun masu su. A Birtaniya kuma, a 2017, hotunan Navara D40 da suka karye gida biyu a tsakiya sun cika jaridu. Don haka ka shiga ƙarƙashin motar da kanka, da fitila da ƙaramar guduma. Bubbuga ƙarfen tun daga gaba har baya, musamman bayan kai da wurin da sifirin na baya ke maƙale. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, ko ka ga ɓawo yana zubowa. Shasin da ka tarar an shafe shi da sabon baƙin fenti mai sheƙi a motar da ta shekara goma sha biyar, kyan ɗan maciji ne har sai guduma ta wanke shi. Ka duba walda ma. Sannan ka koma gefe ka kalli tazarar da ke tsakanin kai da akwati: idan ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, motar ta taɓa lanƙwashewa.

Akwai batun da masu yabon tsofaffin motoci ba sa son a taɓo, wato abin da zai faru da kai idan aka yi karo. Ƙarko daban, kariya daban. D22 ta ci gaba da fitowa sabuwa shekaru da yawa da sunan NP300 Hardbody, kuma a gwajin karo da ƙungiyar auna kariyar motoci ta Global NCAP ta yi mata a 2018 ko tauraro ɗaya ba ta samu ba wajen kare manya. Sauran tsarar ta na shekarun 1990 ma ba a gina su da ma'aunin yau ba, da yawa babu jakar iska, babu birkin ABS. Idan kaya za ta ɗauka a gona ko wurin gini, wannan da sauƙi. Idan iyali za ka riƙa ɗorawa kana bin babbar hanya, ni dai zan karkata ga na bayan 2005 ko da kuwa injinsu ya fi shagwaɓa. Su ma ɗin, da yawansu sun shiga cikin motocin da aka kira don a canza musu jakar iska mai lahani ta kamfanin Takata, sai ka bincika da lambar shasi ko an canza ta.

To, wacce za ka ɗauka? Idan aikinka a nesa da gari yake, man da kake samu ba ka da tabbacin tsabtarsa, makanikinka kuma ba shi da na'urar karanta kwamfuta, tsaya a kan 3L, 5L, TD27, QD32 ko 4JA1, duk wadda ka samu shasinta ya fi lafiya. A wannan rukunin ban ga dalilin biyan ƙarin kuɗi don sunan Toyota ba, sai dai idan kayanta ne kaɗai ake samu a inda kake. Idan tafiyarka gajeru ce, cikin gari, kana kashewa kana tayarwa, ka rabu da dizal na zamani, don gajeriyar tafiya tana cika masa hanyar iska da baƙin toka ta bawul ɗin EGR, mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. 2TR-FE ko KA24DE sun fi dacewa da kai, ka biya a gidan mai ka huta da gareji. Idan doguwar hanya kake bi da kaya, kuma kana da inda kake sayen mai mai kyau, D-Max mai 4JJ1 ce ta farko a wurina, 2KD na biye, sai 1KD da aka tabbatar an canza masa wasan nozul. L200 ta wanda hanyarsa ke da santsi ce kuma lodinsa bai cika nauyi ba. D40 kuwa sai da takardun gyara a hannu, araharta kaɗai ba ta isa dalili ba.

Giya fa? A tsohuwar motar aiki na fi son manuwal, don ciwonsa a bayyane yake kuma iyakarsa kuloci. Otomatik na Aisin da ke cikin Hilux da D-Max yana da ƙarko idan ana canza masa mai, amma wanda ya ja kaya shekara goma da man da ya zo da shi daga kamfani ba ka san kwana nawa suka rage masa ba.

Ranar dubawa, kada ka yarda da cinikin biri a sama, kuma ka roƙi mai motar kada ya tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake, don inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da kukan sarƙa da farin hayaƙi. Tun yana sanyin ka buɗe murfin lagireto, a tayar, ka zuba ido: kumfa da ke ta tasowa ba ƙaƙƙautawa alamar gaskit ko top ne. Buɗe murfin baƙin mai yana aiki, ɗan huci ba komai ba ne, amma idan yana bulbulo hayaƙi kamar bututun girki, ringi sun tafi. Kwatanta abin da mita ta nuna da yadda robar feda da sitiyari da kujerar direba suka cinye. Nemi wuri mai ƙasa ka saka fowil, babba da ƙarami, ka ji ya shiga ya kuma fita, don akwai motocin da aka cire musu farfelar gaba aka bar sandar a ciki don ado. Daga nan ka hau da ita hawa mafi tsawo da ke kusa, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne, idonka a kan allurar zafi. Idan ka dawo, bar ta tana aiki a tsaye minti goma, sannan ka matsar da ita ka duba abin da ta ɗiga a ƙasa.